Numfashin Mai Jan Baƙi

Gyaɗi-Gyaɗi, 3 ga Rajab

Zuwa ga taubashiyata Hajiya Uwani, Tarauni.

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji Tanko, ya sa ya huta, ke kuma ya ba ki ladan takaba. Mu nan lafiya lau. Matata Ladi tana gaishe ki. Sugana yana tsaye inda na ɗaure shi, kamar jakin da ya san mai shi.

Bayan haka, ina sanar da ke, kuma ta bakinki ina sanar da dangi kaf, na kusa da na nesa, cewa bayan dogon nazari, ni Inuwa, malamin tarihi a sakandare, na daina magana a wayar salula. Daga yau duk mai son ji daga gare ni sai ya karanta. Na sayi biro biyu, shuɗi da baƙi. Wayar kuma na sa ta a durowa tare da tsofaffin makullan da ba a san ƙofarsu ba. Dalilina shi ne waya ta kashe mana zance. Rabin hirar mutanen yanzu "kana ji na?" ne, sauran rabin kuma "sai na sake kira."

Na san za ki ce tsakanin gidana da naki ko rabin sa'a ba a yi a ƙafa. To, ai ke takaba ta tsare ki a ɗaki, ni kuma benenku ya tsare ni a ƙasa. An ce kin yi ƙorafin ban hawo na yi miki gaisuwa ba ranar addu'ar bakwai. Matakala ashirin da biyu, Uwani! Wannan ai ba gida marigayi ya gina ba, hasumiya ce. Mai kai saƙo kuwa muna da ita: Sista Oyinkansola da ke haya a gidanmu, wadda kika horar a asibiti kafin ki yi ritaya. Tunda tana zuwa auna miki jini Litinin da Alhamis, sai ta haɗa da aikin gidan waya.

Yanzu ga ainihin maganar. Azumi saura wata biyu. Bana zan cika shekara ashirin ina ja wa Liman Aliyu baƙi a tafsirin la'asar na masallacin layinmu, ni in karanta aya, shi ya fassara. To an gaya mini sau biyu ana ganin ƙanin mijinki, Ɗan'azumi tela, yana fitowa daga zauren Liman. Liman dai riga uku gare shi, kuma duka ukun suna nan lafiya. Me tela yake nema a can?

Naki,
Inuwa, jikan namiji

Tarauni, 6 ga Rajab

Malam Inuwa,

Na amsa sallamarka. Haƙuri sai godiya. Jinina ya ɗan sauka, barci ne dai har yanzu sai a hankali. Ka gaishe mini da Ladi, ka ce mata na ga kunun tsamiya, Allah ya saka.

Ka daina yi mini taƙama da jikan namiji. Kakanka da kakata wa da ƙanwa ne, na sani, amma kowa ya san wadda take riƙe da gidan.

Sanarwarka ta iso. Sau biyar na kira ka a makon jiya. Ranar ƙarshe da ka ɗauka kuwa, magana ɗaya ka raba mini gida uku, kana cewa layi ne ba kyau. Layi lafiya ƙalau yake, ni na ji abin da na ji. Kuma shekara ashirin da takwas ina hawa benen nan, ban taɓa sanin matakalarsa ashirin da biyu ba ce sai a wasiƙarka. Mai lafiya ba ya ƙirga matakala, Inuwa.

Ka amsa mini waɗannan, ban da tarihi. Daga gidanka zuwa masallaci kana tsayawa a hanya? Matashin kai nawa kake sawa in za ka kwanta? Da yamma takalminka yana matse ka? Kana tari?

Ɗan'azumi yana zuwa wurin Liman, gaskiya ne. Ba sata yake zuwa yi ba.

Uwani

Gyaɗi-Gyaɗi, 10 ga Rajab

Taubashiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina murna jininki ya sauka. Nawa bai taɓa hawa ba sai da na karanta layin ƙarshe na wasiƙarki.

Ga amsoshinki, likita. Ina tsayawa sau ɗaya a hanyar masallaci, a shagon Nnaemeka mai gyaran fanka, domin maƙwabtaka tana da hakki. Matashi biyu, na Ladi ne ya fi laushi na haɗa. Takalmi sabo ne. Tari babu.

Shekara goma sha shida muna tare da ciwon suga. Mun zama kamar tsohon aure, kowa ya san halin kowa. Tun ranar farko aka ce in kula da abu uku: ido, ƙafa, ƙoda. Duk shekara ana ɗiga mini magani a leƙa idona. Ana tsikarar tafin ƙafata da wani zare a tambaye ni ko na ji. Ana auna fitsari. Na karanta duk takardar da ke manne a bangon asibiti, har da wadda aka manna a kife. Ban ga inda aka ambaci huhu ba. Taba kuwa ko ƙamshinta ban sani ba. In ma ina ɗan haki, to janareton mai niƙan bayanmu ne, da shekaru, da tuwon Ladi.

Mu koma kan tela. Ke ba ki san mafarin abin ba. Makarantar allo ɗaya muka yi da shi a Darmanawa. Allah ya ba shi murya, wannan ba na musu. In yana karatu mata kan tsayar da daka a maƙwabta. Amma ni aka ba numfashi. Ayar da zai yanka gida uku, ni sai in ɗauke ta a tashi ɗaya in ajiye ta inda ma'ana ta cika. Da Liman ya zo zaɓe sai ya ce zaƙin murya na masu sauraro ne, tsawon numfashi kuma na mai fassara ne, don ba ya son a miƙo masa rabin magana. Ya ɗauke ni.

Tun daga ranar, shekara goma sha tara, Ɗan'azumi yana sahun gaba, daidai gwiwata, leɓɓansa suna motsi tare da nawa. Mutane suna cewa son karatu ne. Ni na san ungulu in na gan ta. Don an haife shi a watan azumi yana ganin kamar gadonsa ne aka ba ni riƙo.

Bara sau biyu ko uku na tsaya inda bai kamata ba, na koma baya na sake ɗaukowa. Lasifikar ce take da matsala. Amma na ga ya ɗago kai ya dube ni, kuma na san irin kallon.

Ki gaya mini abin da kika sani. Gidanku yake cin tuwon dare ranar Juma'a.

Inuwa

Tarauni, 13 ga Rajab

Malam Inuwa,

Lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Sista Oyin ta ce ranar Talata ta ga ka zauna a dakalin ƙofar gida da ledar lemo a hannu, daga bakin titi kawai ka ɗauko ta. Ba gulma ta kawo ba, ni na tambaye ta.

Bari in koyar da malami. Kana ɗaukar huhu kamar jaka ce da ake hurawa ta kumbura. Ba haka yake ba. Kamar soso yake, cike da ƙananan ramuka da ba sa ƙirguwa, kowane rami kuma jijiyoyin jini sun naɗe shi, sirara fiye da gashin kai. Bangon da ke tsakanin iska da jini siriri ne ƙwarai, ta nan iskar da ka shaƙa take ratsawa ta shiga jini. Abin da suga yake yi wa ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda, shi yake yi wa waɗannan. Bangonsu yana kauri, suna rasa laushi. Ka tuna matacin koko in gasara ta toshe shi? Kana zuba ruwa, yana shiga, amma kaɗan ke wucewa. In kuma jijiyoyin suka ƙage, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi kafin jini ya ratsa huhun, a kwana a tashi ta gaji.

Abin da ya sa ba ka gan shi a bangon asibiti ba, huhu yana da yalwa. Mutum zai daɗe bai ji komai ba. Sai ranar da ya nemi duk abin da ke ciki, kamar hawan bene, ko doguwar aya.

Ban ce lallai shi ke damunka ba. Zai iya zama zuciya, ko ƙarancin jini, ko ƙoda. Gwaji ne kawai zai raba gardama, kuma Oyin ta san ɗakin da ake yin sa.

Tunda ka nace, ga abin da na sani. Liman ya zo yi mini gaisuwa wancan watan, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya tambaye ni, a matsayina na wadda ta yi aikin jinya, yadda na ga jikinka. Na ce masa bana kada ya dogara da mutum ɗaya. Ni na faɗa, ba wani ba.

Uwani

Gyaɗi-Gyaɗi, 14 ga Rajab

Hajiya Uwani,

Sallama. Ina lafiya, ko da yake na ga a Tarauni an riga an yanke hukuncin ba ni da ita.

Ashe ke ce. Ina ta leƙen zauren Liman ina neman ɓarawo, ashe yana saman bene yana jan carbi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Tela ya nemi abin da yake so, wannan halin ɗan Adam ne. Amma ke da muka ci tuwo a akushi ɗaya a gidan kaka?

Na karanta darasinki na soso da matacin koko. Ya yi kyau, da ɗaliba ce da na ba ki bakwai cikin goma. Sai dai na lura ciwon nan ya san lokacin da zai ɓullo. Shekara goma sha shida yana kwance, bai tashi ba sai da ƙanin mijinki ya buƙaci wurin zama. Ashe ilimin asibiti ma yana da dangi.

Kuma yaushe kika ji karatuna har kika auna shi? Duk azumin duniya kina wurin aiki da la'asar. Ko sau biyar ba ki zauna a rumfar mata ba.

An ce in mace ta daɗe a gidan aure, dangin miji sukan fi mata na jini. Da ina musu.

Ki gaya wa Ɗan'azumi ya yi ta gyaran murya. Ranar ɗaya ga wata zai same ni a kan buzuna.

Inuwa

Gyaɗi-Gyaɗi, 28 ga Rajab

Uwani,

Gaisuwa. Ina fatan jiki da sauƙi. Sau huɗu ke nan Sista tana dawowa daga Tarauni hannu rabbana. In na tambaye ta sai ta ce, "Baba, Mama ta ce tana gaisuwa," ta shige ɗakinta. Yarinyar nan da bakinta ba ya rufuwa, yanzu ta koyi shiru. A wurinki ta koya, na sani.

Shirun naki na fahimce shi. Wanda ya gama aikinsa ba ya buƙatar dogon bayani.

Shekaranjiya na bi ta Darmanawa a adaidaita sahu. Ba don komai ba, hanya ce ta bi da ni, duk da direban ya ce zagaye ne. Na ga shagon mutuminki. A rataye a ƙofa akwai babbar riga ta shadda, ruwan sararin samaniya, an yi mata aiki har ciki. Na sa aka tsaya kamar zan sayi goro. Yana taka keke yana karatu a hankali, ƙafarsa tana tafiya, muryarsa tana bin ta. Uwani, tela ba ya ɗinka wa kansa riga sai da dalili. Duk Kano an san tela da yagaggen aljihu.

Abin da ya fi ba ni haushi, karatun ya yi daɗi. Mai goron ma ya daina ba ni canji ya tsaya saurare.

Na dawo gida na rufe ƙofa na gwada tawa muryar. Ban ji daɗin yadda ta fita ba, amma ɗakin ba iska. Jiya kuma a aji ina karanta wa yara labarin ganuwar Kano, sai na ga gara in zauna in sa wata ɗaliba ta ƙarasa. Sabuwar dabarar koyarwa ce, ana so yara su saba da karatu a bainar jama'a.

Wata magana da na rubuta a wasiƙar baya, ta dangin miji, wataƙila biron ne ya yi gudu. Baƙin ya fi shuɗin kaifi. Ki rubuto ko zagi ne.

Inuwa

Tarauni, 2 ga Sha'aban

Inuwa,

Ina lafiya. Shirun fushi ne, kada ka ba shi wani suna. Sau uku na rubuta maka amsa ina yagawa, don irin kalmomin da suka zo mini ba su kamaci mai takaba ba.

Ka tambayi yaushe na ji karatunka. To ga shi. Alhaji Tanko bai taɓa fashin tafsirinku ba, kuma kullum da 'yar rikodarsa a aljihu, daga baya ya koma ɗauka da waya. Yana kawo mini in saurara in na dawo aiki, ni kuma gajiya ba ta bari. Sai yanzu da na zauna wata uku a ɗaki ɗaya. Ba don kai na fara kunnawa ba. Don shi ne, saboda wani lokaci akan ji gyaran muryarsa, ko ya ce wa na kusa da shi ya matsa. Ina neman mijina sai na yi karo da kai.

Na ba Oyin wata 'yar rediyo mai kati. Abu uku ne a ciki, jikata ta tura mini su. Duka ukun salatin nan ne da kake buɗe zama da shi kullum, kalmomi iri ɗaya. Na farko shekarar da ka fara. Na biyu shekara shida da suka wuce. Na uku na bara. Ba lasifika, ba janareto, ba ni, ba tela. Kai malami ne, ka ƙirga numfashinka da kanka.

In ka kai na ukun, ka kasa kunne sosai. Za ka ji wani yana haki kusa da wayar. Alhaji ne. A zaune yake, ba abin da yake yi. Shekara ashirin da biyu yana da suga. Shi ma ido, ƙafa, ƙoda. Da ya fara tsayawa a tsakiyar bene sai ya ce tsufa ne, ni kuma da na yi shekara talatin ina jinyar mutane na ce ƙiba ce, na rage masa tuwo. Ran da muka je aka duba, jijiyoyin huhunsa sun riga sun ƙage, gefen zuciyarsa na dama ya buɗe. Kwana ya ƙare, na sani, ba mai ƙara wa wani. Amma ni na kwana kusa da wannan numfashin shekara biyu ban gane shi ba. Ba zan sake jin sa a bakin wani nawa in yi shiru ba, ko da zai kira ni baƙuwa a dangi.

Game da Ɗan'azumi, ba zan yi maka ƙarya ba. Yana so. Shekara goma sha tara yana so. Rigar tasa ce, kuma don tafsirin ya ɗinka. Amma shi ya fara zuwa wurina tun kafin Liman, ya ce, "Yaya, Malam Inuwa yana jan iska irin ta marigayi." Wanda ya zauna daidai gwiwarka shi ya fi kowa jin ka. Kuma ya gaya wa Liman ba zai zauna a wurin nan ba sai in kai da bakinka ka kira shi. Liman ya yi, ya yi, ya ƙi. Don haka buzunka yana hannunka, ba mai ƙwacewa.

Ni ba buzun ne ya dame ni ba. Ka je a duba ka.

Uwani

Gyaɗi-Gyaɗi, 17 ga Sha'aban

Taubashiyata,

Gaisuwa mai yawa. Yau ba zan ce lafiya lau ba, zan ce da sauƙi, don yanzu ina da takarda mai hatimi da ta hana ni ƙarya.

Rediyon ta kwana uku a kan tebur ban taɓa ta ba. Ranar Juma'a da hantsi, Ladi ta tafi kasuwar Tarauni, na kunna. Na farko numfashi ɗaya, har da saura. Wannan yaron, wato ni na wancan lokacin, na so in mare shi don iyayi. Na biyu, biyu. Na uku na ƙirga biyar, na ce ban yarda ba, na sake. Biyar. Na kuma ji Alhaji. Ban san na zauna a ƙasa ba sai da Ladi ta dawo ta same ni.

Sista ta kai ni ranar Litinin. Likitar da ta gan ni, Dakta Ummulkhairi, ɗalibata ce. Na taɓa ba ta huɗu cikin goma a tarihin Daular Borno, kuma ina jin ba ta manta ba. Ta sa aka matse mini hanci da wani abu kamar na shanya, aka ba ni bututu a baki, wani saurayi yana ta yi mini tsawa, "Busa, Baba! Busa! Kar ka tsaya!" Ni da nake jan baƙi tun bai san hannun damansa ba. Sannan aka maƙala mini wani abu a yatsa aka ce in yi ta kai da kawowa a baranda minti shida, masu jiran layi suna kallona kamar mai neman abin da ya yar. Aka shafa mini man sanyi a ƙirji aka ɗauki hoton zuciya. Aka ɗebi jini.

Ga hukunci. Iska tana shiga tana fita kusan yadda ya kamata. Wucewarta zuwa jini ce ta ragu. Matacin kokonki ke nan, na mayar miki da maki ukun da na rage. Ƙarfin bugun jini a jijiyoyin huhu ya ɗan hau, zuciya ta ɗan yi tauri amma ba ta buɗe ba. Akwai kuma ɗan ƙarancin jini. Ta ce ba ta iya rantsuwa suga ne kaɗai, amma ta duba sauran masu laifin da aka saba kamawa ba ta same su ba. Ta kuma ce jakin nan da nake cewa ya san mai shi, awon suga na wata uku ya nuna ya daɗe yana cin gonar mutane. Abin da ya yi kauri ba lallai ya koma ba, amma ana iya hana shi ƙaruwa. An canja mini magani, an ƙara na hawan jini, an ce in riƙa tafiya kullum a hankali, in dawo bayan wata uku. Azumi ta ce in gwada bisa sharaɗi, ta rubuta mini lambar da in awo ya kai ta dole in sha ruwa, ko da saura minti goma.

Na tambaye ta jan baƙi. Ta ce, "Malam, ban hana ka ba. Amma sa'a ɗaya da rabi, da ƙishirwa, kwana talatin? Kai ka koya mana sarkin da ya ƙi raba aiki shi ke rasa gari." Ban tuna na koyar da haka ba. Ina jin ƙirƙira ta yi.

Ban yanke komai ba tukuna. Kada ki gaya wa tela. In na tuna rigar nan har yanzu wani abu yana tokare ni a ƙirji, kuma wannan ba ya fita a hoto.

Inuwa

Tarauni, 20 ga Sha'aban

Inuwa,

Alhamdu lillahi. Na karanta sau biyu, na yi kuka, na yi dariya, Oyin ta ce jinina zai hau. Ban gaya wa kowa ba. Ranar ashirin da biyar zan fita takaba. Ranar ɗaya ga wata ina rumfar mata tun kafin a yi kiran la'asar, in ji ko mutum ɗaya ne ko biyu. Wancan abin da ya tokare ka, ba ni da maganinsa. A Darmanawa ake sayarwa.

Uwani

Gyaɗi-Gyaɗi, 2 ga Ramadan

Taubashiyata,

Barka da shan ruwa. Awona na yau lafiya, na kai azumin har ƙarshe. Kin ji abin da ya faru jiya daga bayan labule, amma ba ki ga komai ba, kuma ba ki san yadda aka kai can ba.

Ana saura kwana uku na je Darmanawa, wannan karon ba zagaye. Ɗan'azumi ya ɗago daga kan keke ya ce, "A'a, Malam! Yau kai ne a shagona? Wuya za a rage ko ciki za a ƙara?"

Na ce, "Zuwa na yi in ga rigar da aka ɗinka don murabus ɗina."

Ya ce, "Ga ta can. In ka ce in ninke, in ninke. Ta saba jira, mai ita ma ya saba."

Na ce, "Har yanzu kana yanka aya gida uku?"

Ya ce, "Biyu yanzu. Kai fa?"

Na ce, "Biyar."

Bai yi dariya ba, Uwani. Da ya yi da na samu abin riƙewa. Ya tashi ya kawar da yadi daga kan benci ya ce in zauna in huta. Muka yi shiri: ni zan buɗe, in ja gajerun ayoyi. In na ji iska ta ƙare sai in taɓa gwiwarsa ya karɓa.

Jiya na yi salatin a numfashi huɗu, kin dai ƙirga, na sani. A aya ta shida na ji ƙirjina ya cika bai ƙoshi ba. Na daɗe ina kallon gwiwar nan kafin in taɓa ta. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya koma baya kalma biyu kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya ɗauke daga daidai inda ma'ana ta fara, har Liman bai ankara an canja doki ba sai da ya ji zaƙin. Ashe motsin leɓen nan na shekara goma sha tara riƙe mini ɗaya bakin igiyar yake yi.

Kada ki ɗauka na warke. Na ƙirga kabbarar da jama'a suka yi masa, goma sha ɗaya. Tawa huɗu, ɗaya ma ina zargin hamma ce. Rigar kuma ta yi masa kyau, Allah ya isa.

Na yi kuskure, Uwani, a kansa, da kanki, da huhuna. Na ciro wayar daga durowa. Gobe da hantsi zan kira ki. In kin ji na yi shiru a tsakiyar magana, ba layi ba ne. Ki jira ni.

Naki,
Inuwa